Hajiya Lauratu Ta Tafi Da Sunaye Goma Sha Tara

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, 2024, ina ɗakin karatu a Kalgo aka bugo mini waya daga Gwandu cewa Hajiya Lauratu Haliru ta cika. Ita ce ta ƙarshe cikin ɗaliban farko na tsohuwar kwalejin horar da malamai mata, kuma ita ta ɗauke rajistar makarantar ranar da aka rufe ta, bayan gara ta fara cin bangonta.

Inna Lauratu, shekara biyu ina zuwa zaurenki duk Asabar muna bin rajistar nan layi-layi. Ke kika fahimtar da ni abin da takarda ta ɓoye. A zamaninku iyaye maza da yawa ba su yarda a sa sunansu a littafin boko ba, sai aka riƙa rubuta yarinya da sunan garinsu: Mubaraka Diggi, Amatullahi Kambaza. Ke kaɗai kika san 'yar wane ce kowacce. Kina faɗa ina rubutawa da fensir a gefe, kina yi mini tsiya wai rubutuna kamar kaza ta bi ta kan tawada. Ba ki bar ma'aikata a baya ba, har Malama Lidiya da ta koya muku ɗinki, da matar da ke daka muku hatsi wadda rajista ba ta san da ita ba. Kuma ban taɓa fita gidanki ba fura a hannu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kike karatun. Kiran suna kike yi da ƙarfi kamar a aji, ki yi shiru kina jira, sannan ki amsa mata da kanki: "Ta riga mu." Har yau in na buɗe littafin ina jin wannan shirun.

Saura sunaye goma sha tara suka rage mana. Kin ce mini, "Ɗiyata, ki taho Assabar ga, jikina ba shi da ƙwari." Na ce ayyuka sun yi mini yawa, sai Asabar ta sama. Ba ni da wanda zan ɗora wa wannan laifi, nawa ne, kuma yana cina.

Ranar sadakar uku wani dattijo daga Kambaza, Malam Abdulgani, ya neme ni a ƙofar gidanki. Mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwarsa, abin da ya sani kawai sunanta Amatullahi, kuma ta yi kwalejin. Ya ji labarin aikinmu, ya yi ta shirin zuwa. Na buɗe masa shafin. Amatullahi Kambaza uku ne a jere, kuma duk suna cikin waɗanda ba mu kai ba.

Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Malama, wace ta uwata cikinsu?"

Na ce ban sani ba. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya yi wa duka ukun addu'a ya tafi.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki da jama'ar Gwandu baki ɗaya, Allah Ya ba mu haƙuri. Matan nan goma sha tara kuwa, Shi Ya san su da iyayensu, Ya gafarta musu. Ni kuma ki yafe mini.

Khairiyya Tajuddeen, Kalgo