Yatsu Uku a Wuyan Hannun Inna

Shekarar da na ɗauko Inna daga Kano don a yi mata aikin gwiwa, a unguwar Thamesmead ta Landan nake zaune, hawa na shida. Aiki ya yi kyau, gwiwa ta warke, sai cin abinci ya tsaya. Loma biyu ta ture kwano. Kafin wata biyu zobenta ya fara zamewa da kansa. An ɗebi jini, an yi hoto, likita ya ce bai ga komai ba. Ni nas ce, amma ina ji ina gani uwata tana ƙarewa kamar sabulu a ruwa. Na tsorata ƙwarai.

Ga wani ƙarin, ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, balle hira. In na tambaye ta inda ke ciwo, taga take kallo ta ce, "Lafiya lau." Ni kuma uwar iyayi na cika firij da yogot da salak da lemo mai ƙanƙara. Tuwo ma ranar hutu nake tuƙa na mako guda, a riƙa ɗumamawa a inji. A ganina gata nake mata.

Ƙofar da ke kallon tawa ta wata tsohuwa ce 'yar Indiya, Anti muke ce mata. Mahaifinta mai magani ne a ƙauyensu, a gabansa ta koyi ilimin da suke kira Ayurveda. Ta ga Inna a lif wata safiya, bayan la'asar sai ga ta tana ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta zauna, ta kama wuyan hannun Inna, ta jera yatsu uku a kan jijiya, ta rufe ido. Kullum ina auna bugun jini a wurin aiki, idona a kan agogo. Ita ba ƙirga take ba, saurare take. Ta daɗe har na fara jin haushi.

Da ta buɗe ido ta ce in fassara. Abu uku ne ke riƙe da jiki, in ji ta, sunayensu da Sanskrit, tsohon harshen littattafansu, kowanne da yatsan da ke jin sa. Pitta shi ne zafi. Kapha nauyi da majina. Vata kuwa iska da sanyi da bushewa, shi ya yi wa Inna yawa. Anti ta dafa cikinta ta ce akwai wuta a nan, agni, mai dafa abin da aka ci. Ta Inna ta kusa mutuwa.

Ina cikin juyawa da Hausa Inna ta gyara zama. Ta dubi matar nan ido cikin ido.

"Baiwar Allah, kin gan shi. Sanyi ne. Tun da na zo ƙasar nan ban ci abin da aka sauke daga wuta yanzu-yanzu ba. Yarinyar nan ta fita a guje ta dawo a gajiye, da wane baki zan ce abincinta ne?"

Da bakina na mayar da laifina zuwa Turanci.

Suka ci gaba, ni a tsakiya. Anti ta ce citta, Inna ta ce da masoro. Anti ta ce man shanu, Inna ta gyaɗa kai tun ban gama fassara ba. Mata biyu, teku a tsakanin garuruwansu, ba wadda ke jin yaren 'yar uwarta, amma kamar gida ɗaya suka koyi jikin ɗan Adam. Sau nawa Inna ta ce sanyi a waya ina yi mata dariya a zuci?

"Anti, na yi booking wajen GP, likitan unguwa, ranar Litinin," na ce, "in yi cancel?"

Ta ce a'a, mu je, maganin likita ma kada a bari. Amma akwai sauran abu ɗaya, abhyanga: a ɗumama man riɗi a mulke jiki da shi. Ta kama hannuna ta ce ba ita za ta yi ba, ni.

Washegari na sauka kasuwar Woolwich na sayo komai. Na dama kunu da citta, na ajiye gefe yana tururi. Na zo da man a ƙaramin kofi na tsaya a kan Inna, ban san ta inda zan fara ba. Rabon da in taɓa jikinta ba da safar asibiti ba, tun ban yi wayo ba. Can ta juya fuskarta bango, ta miƙo ƙafa ɗaya.

Fatar a bushe, ƙashi duk a waje. Na mulka a hankali daga diddige zuwa ƙwauri, hawaye yana ɗiga cikin man. Ban gama ba ta miƙo ɗayar.

"Hannun nan na babata ne," ta ce wa bango. "In kunun bai huce ba, a miƙo."