Ƙarfen da Na Shafa wa Fenti

Ko tsufa zai kwashe mini ƙwaƙwalwa tas, ba na jin zan manta da Larabar da tankina ya yi mini wanka a gaban jama'ar kasuwar shanu ta Potiskum.

A shekarun da jihar Yobe take sabuwa, sana'ata shayar da shanu ce. Ina da wani ƙaton tankin ƙarfe a kan ginin bulo a bakin kasuwa, daga shi nake sakin ruwa cikin kwami, dabbobi su sha. Tankin nan shi ne gonata, shi ne shagona, da shi nake ciyar da gida. Sai tsatsa ta kama shi. Ruwa ya koma ja kamar shayi, mai walda ya yi ta faci har ya gaji, ya ce mini gindin ya kusa zama rariya.

Ana cikin haka ƙanin matata ya zo Sallah daga Fatakwal, inda yake gyaran jiragen ruwa. Abokin wasana ne, Injiniya nake ce masa don tsokana. Ya leƙa cikin tankin, ya girgiza kai, washegari ya zo da wani dunƙulen ƙarfe fari-fari, girman sabulun wanki.

"Yaya, wannan tutiya ce," in ji shi. "Masu binciken ƙarfe sun gano in ka haɗa ƙarfe iri biyu cikin ruwa, tsatsa ɗaya take zaɓa, ta ƙyale ɗayan. Da ita jirage ke yin shekaru a teku. Ƙarfen fansa ne."

Na ce, "Wato tsatsar ma yanzu zaɓen abinci take yi? Lallai boko ya yi muku yawa."

Gaskiya ban saurare shi da kyau ba, ina can ina shirya tsokana ta gaba. Abin da na riƙe kawai shi ne daga jirgin ruwa ta fito, ke nan ƙarfe ne mai daraja da ruwa bai isa ya taɓa ba. Ya kankare jikin tankin daga ciki, ya ɗaure ta tam da noti, ya koma bakin aikinsa.

Ikon Allah, yoyo ya tsaya. Na shiga cika baki a kasuwa, duk wanda ya zo sai ya ji labarin ƙarfen jirgi.

Bayan wasu watanni na shiga wanke tankin, sai na ga tutiyata. Innalillahi! Ta yi rami-rami, ta zaizaye, kai ka ce ɓera ne ya samu ƙuli-ƙuli. Raina ya ɓaci, tausayinta kuma ya kama ni. Ƙarfe mai asali, an baro shi daga teku, ya zo yana wulaƙanta a ruwan rijiyar burtsatse! Na kwance ta, na goge ta da yashi, na shafa mata koren fenti sau biyu, ragowar na ƙofar gidana. Ban tsaya nan ba, na naɗe ta da robar tayar keke, na rataye ta da igiya a tsakiyar tankin don kada ta taɓa bangon mai tsatsa ta ɗauki cuta.

Wani dattijon Bafulatani da ke shayarwa a wurina ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Mai ruwa, laya ce?"

Na ce, "Kimiyya ce, Baffa."

Ya ce, "To, Allah ya ba ta lafiya."

Jan ruwa ya dawo, na ɗora wa damina laifi. Yoyo ya dawo, na zagi mai walda. Har wata Laraba, ranar kasuwa, rana tsaka, shanu sun yi layi da ƙishirwa, na sunkuya ƙarƙashin tankin zan buɗe famfo. Sai na ji ƙyas, sannan gindin ya ɓalle gaba ɗaya. Ruwa ya ɗauke ni ya dire cikin kashin shanu, hulata ta yi gabas. Garke ya rufe ni, wata saniya tana tsotsar hannun rigata. Dillalai suna dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kuka nake yi na gaske, ba wanda ya gane saboda jiƙewa.

Dattijon nan ya tsinto ƙarfen jirgin cikin laka, ya goge shi da rawaninsa, ya miƙo mini hannu biyu. "Sannu, mai ruwa. Layarka kam ba ta ji ciwo ba."

Shekara biyu na yi ina tura kurar ruwa unguwa-unguwa a Ngojin, nan yankin Potiskum, kafin na sake tsayawa da ƙafata.

Da Injiniya ya dawo, na kwance robar na nuna masa, kore shar, ko ƙwarzane babu. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sai ya ga fuskata ya daina, ya ce:

"Yaya, ai aikinta ke nan, a cinye ta. Duk ramin da ka gani a jikinta, na tankinka ne ta karɓa."

Maganar nan ta fi ruwan tankin dukana. Tun ranar na daina yi wa mai magana dariya kafin ya kai ƙarshe. In kuma na ga wani yana ramewa a gidan da kowa ke ƙiba, ba na gaggawar ce masa rago ko mara sa'a. Sai na fara tambayar kaina, tsatsar wa ce take cin jikinsa.