Kawu Elam da Karin Waƙar Jana'iza

Kawuna Elam Brubaker a da direban motar madara ne, ya daɗe yana zagaya gonakin mutanenmu a jihar Pennsylvania. Waƙoƙin cocinmu da Jamusanci, harshen kakanninmu, ake rera su, ana ja a hankali, har mutum kan yi gyangyaɗi ya farka ba a gama baiti ba. Kalmomin suna cikin littafi, amma karin daga baki ake gadonsa, kuma babu wanda ya san inda ya fito. Wannan ya tsaya wa Kawu a rai.

Duk gonar da ya tsaya, sai ya lallaɓi dattijon gidan ya rera masa.

Matarsa, Gwaggo Orpha, takan ce, "Madarar mutane za ta yi tsami, kai kana can ka baza kunne."

"Su ma tsofaffin ba jira za su yi ba, Orpha."

Wata rana a gidan kula da tsofaffi ya haɗu da Hildegard, Bajamushiyar da ta zo ƙasar nan bayan yaƙin duniya na biyu. Ya rera mata waƙar da muke binne mamatanmu da ita. Ta ce ya ƙara sauri. Ya ƙara. Sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ɗan nan, ai da wannan karin samarin ƙauyenmu ke tsokanar 'yan mata lokacin girbin inabi."

Ta rera masa, tana buga ƙafa.

Kawu ya jima bai gaya wa kowa ba, domin da waƙar aka binne mahaifiyarsa. Daga baya ya tunkari dattawan coci da maganar. Babbansu, Amos Zehr, ya haɗe rai.

"Elam, me ka ƙaru da shi da ka tono wannan?"

"Na san kakanninmu, Baba Amos. Sa'ad da ake farautarsu saboda addininsu ba su da komai sai karin da ke bakinsu. Shi suka ɗauka suka miƙa wa Allah."

Dattawan suka yi ta muhawara. Ba a daina waƙar ba, ba a kuma gode masa ba. Shi dai ya ci gaba da ziyartar Hildegard har ta rasu, tare suka gano asalin karin wasu waƙoƙin.

Yanzu ciwon gwiwa ya raba shi da tuƙi. Ranar Lahadi bayan sujada mawaƙan coci kan taru a barandarsa, yana koya musu kowace waƙa iri biyu, mai jan da mai saurin.