Waƙoƙin Taubashina da Na Gyara

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da alƙalami ya rubuta da abin da ya tsallake.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wanda duk ƙasar Dakoro ta san muryarsa. Ni kuwa in an san ni, to mai riƙe masa kaye, wato littafin rubutu, aka sani. Shekara biyu ya ba ni. Tare aka kai mu makarantar allo. Shi ya tsaya a ƙananan surori ya ce kansa ya cika, ni na zarce har na sauke, na kuma iya rubutun ajami mai kyau wanda har yau nake alfahari da shi fiye da yadda ya kamata. Da yake ni ɗan mace ne shi ɗan namiji, tun muna yara "bawana" yake ce mini, ni kuma in ce masa "jahilin ubangidana".

Da gurmi ya fara. In an yi gayyar noma a ƙauyen Ajekoriya ko na Mai Yara, shi ake kira ya bi bayan masu hauya yana zuga su, har wanda ya gaji ya ji kunyar miƙewa. Karin waƙoƙinsa duk daga bakin mahaifiyarsa ya kwaso su, irin waɗanda mata ke yi a bakin turmi da dutsen niƙa. Na yi shekaru ina yi masa wa'azi a kan gurmin nan, yana saurare yana ɗaure tsirkiya. A shekarar da mahaifiyar tasa ta rasu ya rataye gurmin. Na daɗe ina gaya wa mutane nasihata ce ta yi aiki. Shi dai abin da ya ce, yana son ya aika wa tsohuwa wani abu, ba shi da karatu, murya kawai gare shi. Sai ya ɗauki karinta ya ɗora masa roƙon Allah da begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Daga nan bai sake riƙe abin kiɗa ba, gwiwarsa yake bugawa da tafin hannu. Ana kiransa Maulidi, da walimar saukar karatu, da suna. Ya je Maradi aka ɗauki wasu waƙoƙinsa a kaset, rediyon gari tana sa su, daga baya suka shiga wayoyin salular samari. Waƙoƙin nasa ba su da Larabci sai kaɗan. Gero ne a ciki, da rijiya, da guga, da akuyar da ta ɓata ta dawo gida da kanta.

Ni ma fa ina waƙa, ya kamata in faɗa. Nawa na malamai ne, masu amsa-amo, baiti bayan baiti har takarda ta ƙare. Sau ɗaya na karanta wata a zaure bayan la'asar. Surukina ya yi barci tun a baiti na goma, da na kai ƙarshe ya farka ya ce amin da ƙarfi, ya shafa.

To, duk lokacin da taubashina ya yi sabuwar waƙa, sai ya zo zaurena ya zauna a kan buzu ya ce, "Bawana, ɗauko alƙalaminka ka yi aikin da aka saye ka dominshi." Yana rerawa ina bi da sauri a kan kowace guntuwar takarda na samu. Washegari da hantsi in jiƙa tawada in kwafe a kaye da rubutu mai kyau. Guntayen kuwa in ƙone su, don akwai sunan Allah a jiki, ba a barin irinsu a ƙasa a taka. Tsakanin guntuwar takarda da kaye, nan nake aikin da nake son ba da labari.

Na tuna ta farko. Ya rera cewa:

Ubangiji, ni gero ne a turminka,
in ka daka ni kada ka zubar da ni cikin dusa.

Na zauna da alƙalami a hannu na kasa kwafewa. Turmi? A jingina wa Ubangiji turmi, kamar wata mata a tsakar gida? Na ce wannan jahilcin ubangidana ne, kuma haƙƙina ne in rufa masa asiri a gaban na baya. Na rubuta a madadinsa: Ya Rabbi ni bawanka ne mai yawan zunubi, ka yi mini gafara ya Gaffaru ya Rahimu. Na duba na ga ya yi kyau. Har na karanta wa kaina sau biyu.

Ta farkon ce ta yi mini nauyi. Bayan ita hannuna ya saba. Na fitar da akuyar, na sa ɓataccen bawa. Na fitar da guga mai yoyo, na sa zuciya mai rauni. Wani wurin ma babu abin da ya saɓa wa komai, kawai dai na ga zan fi shi iyawa. In ya zo ya ce, "Ka rubuta?" in ce, "Na rubuta." Ya karɓi kayen ya juya shi, wani lokaci a kife, ya ce, "Kai, bawan nan nawa ya iya zane." Bai taɓa cewa in karanta masa ba. Me zai yi da karatuna, abin yana kansa? Haka muka yi fiye da shekara ashirin, har ni kaina na manta yadda na asalin suke.

Shekara uku ke nan da suka wuce, ana cikin girbin gero, ya faɗi a gona. Likita a Maradi ya ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Da aka dawo da shi gida sai ya yi ta neman kalma kamar mai lalube a cikin rumbu, ya samo ɗaya, biyu, ya tsaya. Amma likitan ya gaya wa matarsa wani abu: a sa shi waƙa, sau da yawa harshen da ya ƙi magana yakan yarda da waƙa, daga nan maganar ta biyo.

Haka kuwa aka yi. Aka kunna masa na kaset a salula, ya bi su tiryan-tiryan, hannun hagu yana bugun gwiwa. Matarsa ta yi kuka don murna. Sai dai na kaset kaɗan ne, cikin sati biyu ya gama da su, ya shiga neman tsofaffin, na farkon tubarsa, waɗanda ya daina rerawa tun kafin kowa ya riƙe salula. Karin yana nan a hannunsa, kalmomin sun tafi. Matarsa ta aiko a kira ni. Ta ce a gaya mini, "Malam, yau ga ranar kayenka."

Na sa babbar riga na tafi, wallahi har da ɗan taƙama.

Na zauna kusa da tabarmarsa na buɗe waƙar turmi, wadda babu turmi a cikinta. Ina karanta layi yana maimaitawa. Hannunsa ya buga gwiwa sau huɗu ya gama, bakinsa kuwa yana tsakiyar "mai yawan zunubi". Ya sake. Hannu ya isa, baki bai isa ba. Ya dube ni, ya dubi hannun. Muka koma wata waƙar, haka. Wata, haka. Inda ban taɓa ba sai ya wuce sumul kamar ba shi da ciwo, inda na gyara sai ya ci tuntuɓe.

Ni na gane tun ranar farko. Shi bai gane ba. Ya ɗauka ciwon ne ya ci kansa.

Kullum bayan la'asar ina zuwa, kullum yana tuntuɓe, kullum ina cewa, "A hankali, ubangidana, sauƙi na Allah ne." Sati uku ina faɗin haka da bakin nan nawa. Ina fita in ce gobe zan gaya masa, gobe ta yi in ga matarsa a tsakar gida, in ga maƙwabta sun zo gaisuwa suna cewa Allah ya saka wa Malam da ya adana, sai in gyara zaman hulata in amsa da amin. A sati na uku ya daina bugun gwiwar. Na buɗe kaye ya sa hannun hagu ya rufe shi. Ya nuna kansa da yatsa ya ce, "Babu." Ya juya fuska bango. Matarsa ta ce mini tun jiya ko na kaset ɗin ya ƙi, ƴan kalmomin da ya fara samu ma sun koma, ruwa kawai yake nunawa da hannu.

Na koma gida na yi alwala don magariba, na tsaya a sahu na rasa me liman ya karanta. Mutumin da na ce ina kare wa mutunci a gaban Allah, ga shi na kwantar da shi da hannuna.

Da safe na koma ba babbar riga. Na roƙi matarsa ta tsaya ta ji, don na san in mu biyu ne zan sassauta labarin. Na ce, "Ubangidana, kanka lahiya lau yake. Abin da nake karanta maka ba naka ba ne. Nawa ne." Na faɗi komai, da turmin, da akuyar, da guntayen da na ƙone.

Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, rabin fuskarsa mai motsi yana rawa, na kasa sanin dariya ce ko kuka. Ya yi ta neman kalma, muna jira. Da ta zo sai ya ce, "Shi... ya sa." Ya huta. "Ba... daɗi."

Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Sati uku, Malam. Kana kallonshi."

Sai ya ɗaga hannu ya nuna gabas ya ce, "Yaya."

Yayarsa yake nufi, wadda ke aure a Mai Yara, ita ce ta tashi a gindin turmin mahaifiyarsu. Na hau kabu-kabu a ranar. Na same ta tana sheƙe gero a bakin rumbu, na gaya mata abin da na aikata. Da yake ita ma taubashiyata ce, ba ta rage mini komai ba.

"Kai bawanmu, mi ya kai ka? An ba ka ajiya ka yi mata kaciya?"

Na ce, "Yaya, turmin ne ya tsaya mini. A ce Ubangiji da turmi."

Ta ajiye faifai ta nuna nata turmin da ke gefe. "Wanga na wa ne?"

Na ce, "Naki."

"Ni da ban san ko zan kai baɗi ba? Iccen na wa? Geron na wa? Kai duk karatun naka ba a gaya maka akwai abin da ba nashi ba?"

Ina da amsoshi na littafi, amma na duba na ga ba ranar su ba ce.

Kwana biyu bayan haka ta zo Dakoro. Ba ta zauna kusa da tabarmarsa ba. Ta sa aka jawo turmi ƙofar ɗakinsa, ta zuba gero ta kama daka, tana rerawa da tsohuwar muryarta kamar ba da kowa take ba. Ni ina rakuɓe da sabon kaye. A zagaye na biyu na ga hannun hagunsa ya ɗaga ya sauka a gwiwa, daidai da taɓarya. A na uku ya shiga. Ya kai "cikin dusa" tare da hannunsa, ba wanda ya riga wani.

Wata guda ta yi a gidan. Abin da ta tuna ta bayar, abin da ta manta muka bi tsofaffin matan unguwa da wasu manoma a Ajekoriya muka tsinto. Sharaɗin da aka kafa mini, duk layin da na rubuta sai na karanta da ƙarfi a gabanta, ta ce haka ne, kafin in wuce. Ni da na sauke Alƙur'ani ina ɗan shekara goma sha biyar, ga ni ina biya wa tsohuwar da ba ta san alif ba, tana cewa, "Sake, ban yarda da kai ba." Maganar taubashina ta dawo a hankali, ba duka ba, amma har ya iya yi wa matarsa ƙorafin gishiri.

Ba duka muka samu ba. Akwai baitocin da babu mai tuna su a raye, kuma takardar da ta taɓa ɗaukar su ni na sa mata wuta. Na ce masa ko zai yi sababbi ya cike. Ya ce a'a.

A Maulidin bara aka ɗauko shi a kujera aka kawo shi filin unguwarmu, karo na farko tun faɗuwarsa. Ya yi waƙar turmi, mata suna amsawa daga bayan zana. Da ya iso inda baiti na huɗu ya ɓata, sai ya rufe baki ya bar hannunsa yana bugun gwiwa shi kaɗai, har tsawon baitin ya cika. Mutane suka yi tsit, an ɗauka ciwon ne. Sai ya nuna ni da haɓa, a sahun gaba inda nake zaune cikin malamai, ya ce a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Nan... bawana ya cinye."

Filin ya ɗauki dariya, har liman. Ya jira suka lafa, ya shiga baiti na biyar.