Baba da amalanken Hadiza

"To in mai shayin ya tashi fa?" Tambayar da Baba, tsohon direban taksi, ya yi wa ƙanwata Hadiza ke nan jiya a Bobiel.

Bidiyon aikinta take gwada mashi: amalanke marar direba da ke kai kaya cikin masana'anta. Ta ce alamomi yake dubawa ya gane inda yake, kamar kwatancen Kalley: bayan farmasi, daura da mai shayi.

"Wallahi Baba, matsalarmu ke nan! Da an sauya wa injuna wuri sai ya rikice."

"Allah sarki, baƙo ne. Ku koya mashi sallama, uwata. Matambayi ba ya ɓata."

Mutumin da ya yi ta fushi da karatun nan, shi ne ya ce a sake kunna mashi. Naku tsofaffin ma haka suke saukowa?