Waken Kaka da hauyar Baba

Garinmu ƙaramin ƙauye ne kusa da Gangara, kuma abin da zan faɗa ya faru tun Nasara ba su shigo Damargu ba. Da damina, in an idar da sallar lisha, Kaka takan hura wuta a bakin ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Mu jikoki mu kewaye ta. Ni takan ce mini mijinta malalaci, wanda bai taɓa kawo mata ko tsinken itace ba.

A shekarar da nake nufi, fara ta cinye amfanin bara. Abin da ya rage mana na irin wake shi ne ɗan wanda Kaka ta adana cikin tulu da toka, irin da ta zo da shi daga gidan iyayenta. Shi aka shuka duka a tsakanin gero. In ya lalace, ba mu da wani, maƙwabta ma ba su da na bayarwa.

Da lokacin maimai, wato noma na biyu, ya yi, waken bai wuce ganye kaɗan ba. Ana ta jin labarin mahara, kowa yana son ya gama gona ya koma cikin gari. Baba ya ɗauki hauyarsa mai doguwar ƙota, wadda ake turawa a tsaye bakinta yana ratsa ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta tura ta da sauri har gindin waken. Kaka ta kai fura gona, ta ga aikin, ta dawo. Baba ɗanta ne na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, balle ta gyara masa aiki a gaban matarsa da 'ya'yansa.

A daren ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, don ta san Baba yana zaune bayan zana yana gyaran igiya.

Ta ce wai an yi wani manomi da ya rantse ba zai bar ciyawa ko ɗaya a gonarsa ba. Ya wasa hauya, ya shiga. Da ya iso gun ɗan wake, sai waken ya roƙe shi ya bar ciyawar da ke gindinsa, ya cire ta da hannu, don ƙafafunsu a harɗe suke a ƙarƙashin ƙasa. Manomi ya ce ba shi da lokaci, ya tura hauya ya wuce. Ya waiwaya ya ce wa waken ya daina ƙorafi, ga ganyensa nan ko ƙwarzane babu.

Nan Kaka ta sassauta murya, ta yi ta kamar ta yaro mara lafiya: "Ba ka taɓa ganyena ba, maigida. Bakin da nake shan ruwa da shi ka yanke."

Da safe manomi ya tarar da wake kore shar, ya yi dariya. Da rana ta take, ganye ya sunkuya. Da yamma ya miƙe, sai ya ce ashe shagwaɓa ce. Haka aka yi ta yi. Waken maƙwabci ya yaɗu ya rufe ƙasa, nasa yana tsugune wuri guda, ganye ƙanana, sun yi fari-fari. Da ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci, na maƙwabci ya jure, nasa ya ƙone. Lokacin kaka ya zo, ba kwanso, ba harawar awaki.

Ƙanwata ta tambaya ko manomin mugu ne.

"A'a," in ji Kaka. "Mai tsoro ne, kuma yana da baki da yawa da zai ciyar. Amma waken bai san wannan ba."

Washegari Baba ya jingine hauya a gefen gona. Inda bai riga ya kai ba, ya durƙusa yana tsinke ciyawar gindin wake da yatsu, mu ma ya sa mu. Aikin ya ja kwanaki, kullum idonsa na kan hanyar arewa, inda mahara kan ɓullo. Shi da ita ba wanda ya taɓa ɗaga zancen.

Ɓangaren da hauya ta bi ya zama yadda ta faɗa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ɗaya ɓangaren ne ya cika tulun, muka sami na shuka baɗi.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin darasin noma kawai. Sai da na tsufa na lura sau nawa na wuce ta kan mutane da sauri, na gan su washegari suna gaishe ni da fara'a, na ce ai ban yi musu kome ba. Waɗansunsu ba su sake sakewa da ni ba har muka rabu. Kaka ta gyara ɗanta ba tare da ta taɓa mutuncinsa ba. Ni na koyi durƙusawa a gindin wake tun ina yaro, amma wancan hannun nata na lallaɓa mutane ban iya shi ba sai da waɗanda zan yi wa suka riga ni tafiya.