Mai Kular Jini

Mota ta ƙi cika, matar da ke kusa da wani tsohon tela kuwa ta kasa zama lafiya. Siririya ce, gilashinta yana ta zamewa, ta rungume wata 'yar kula kamar jaririya. Tana duba agogo, tana kaɗa ƙafa, tana tsaki. A ransa tela yana cewa, wannan ko karyawa ba ta yi ba.

"'Yata, abinci ne?"

"Jini ne, Baba, na masu ciwon suga. Muna binciken abin da ke raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. In na makara, ƙwayoyin mutuwa za su yi."

Tela ya dubi gyambon ƙafarsa, wata huɗu ke nan ya ƙi warkewa saboda ciwon suga. Sai ya bubbuga jikin motar.

"Direba, mu tafi mana! Da marasa lafiya a ciki!"